Baƙin Mai da Azarar Kaka

Motata ta farko ƙarama ce, irin wadda ake kira kunkuru, mai inji a baya. Na saye ta daga hannun wani Bature da ya gama aikinsa a wajen dam ɗin Bakolori zai koma ƙasarsu. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aikin malamin gona a Talata Mafara, muna zagaya ƙauyuka muna duba iri da taki. Duk muna cikin jihar Sakkwato a shekarun nan. Ranar da zan karɓi makulli na tambayi Baturen yaushe-yaushe ake yi mata juye, wato a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Ya nuna mini agogon da ke ƙirga nisan tafiya, ya faɗi wani adadi, na gyaɗa kai. Sai da na kusa shiga gari na lura lambobin agogon ba sa motsi. Ban san tun yaushe suka tsaya ba. Ban kuma koma na tambaye shi ba, don ina jin nauyin kada ya ga kamar na zarge shi.

Ni mutum ne mai fargaba, kuma ina jin a wancan lokacin na fi haka. Na taɓa jin an ce idan mai ya tsufa a cikin inji, injin bugawa yake yi, in ya buga kuwa mota ta tashi aiki. Saboda haka duk wanda na gani da makullin mota sai na tambaye shi. Wani abokin aikina ya ce shi duk ƙarshen wata yake yi. Direbobin tasha masu zuwa Gusau suka ce wata ya yi yawa. Wani malamin makaranta ya ce shi sau biyu yake yi a shekara, kuma motarsa ba ta taɓa yi masa gardama ba. Makaniken da nake kai wa, wanda garejinsa ke bayan tasha, ya zaro sandar awon mai, ya murza man a tsakanin yatsunsa, ya sunsuna, sannan ya ce tana iya ƙara kwana biyu, tana kuma iya ƙin ƙarawa, Allah ne masani. Mai gidan da nake haya, wani Alhaji dillalin shanu, ya ce mota kamar saniya take, muddin tana ci tana tafiya a ƙyale ta.

Amma shi wannan Alhajin, ranar da na yi juyen farko, har ƙofar ɗakina ya zo yana tambaya ina tsohon man. Yana da shanu biyu masu ƙaiƙayi, yana so ya shafa musu. Na ce na baro shi a gareji. Ya dube ni kamar na ce na bar fatar rago a mahauta. A nan na fara sanin tsohon mai yana da masu jiransa. Masu shanu da raƙuma na so, masu amalanke na so, masu gini na shafa wa katako saboda gara. Idan mai mota bai ce komai ba, na makanike ne, shi kuma ya riga ya yi wa mutane alkawari tun kafin motar ta shigo.

Kakana, mahaifin babana, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ƙauyenmu yana kusa da Dosara, a ƙasar Maradun, cikin garuruwan da aka ce ruwan dam zai ci. Da aka tashe su, aka ba su fili a kan wani tudu mai tsakuwa, nesa da fadamar da suka saba nomawa. Mutane sun kwashe abin da za su iya, ƙyamare da turame da tukwane. Kaka kuwa bai damu da komai ba sai azarar soronsa. Ya ce babansa ne ya sare giginyar, ya tsaga ta, ya ɗora, a ƙarƙashinta aka haife shi, a ƙarƙashinta yake so a rufe masa ido. Baffana, ƙanin babana, wanda Kaka ke zaune a gidansa, ya yi ta lallashi a yi masa ɗakin kwano kamar yadda kowa ke yi, ya ƙi. Dole aka fasa rufin tsohon soron, aka zare azarar ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora wa jakuna. Aka gina masa ɗakin ƙasa a sabon wuri, aka jera azarar, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa a kai.

A watannin nan ban cika son zuwa gida ba, kuma ya kamata in faɗi dalili. Duk ƙauyen sun san na yi karatu har jami'a, kuma ina aikin gwamnati a Mafara, inda ofisoshin dam suke. Da na sauka, kafin a gama gaisuwa, an kewaye ni. Wannan ya ce an auna gonarsa ba ya nan. Wancan ya ce ba a sa itatuwan ɗorawarsa cikin lissafi ba. Wata tsohuwa ta ce rijiyar sabon gari ba ta da ruwa. Sai in yi bayani cewa ofishina daban, ofishin dam daban, ni ko ƙofar can ban da ikon shiga sai da dalili. Su gyaɗa kai, su ce haka ne, Allah ya yi albarka, sannan su sake faɗa mini daga farko. Na kai wasu koke-koken inda nake zaton za a saurara. A iya sanina babu wanda ya haifar da komai.

Kaka bai taɓa roƙona irin wannan ba. Tsakanina da shi wasan kaka da jika ne. Abokina yake ce mini, matata kuma amaryarsa, kullum yana cewa zai ƙwace ta tunda ni ba na ciyar da ita. Ranar da na fara kai masa motar, ya fito yana dogara sanda, ya zagaya ta, ya sa na buɗe gaba. Da ya ga babu komai a ciki sai taya, ya juya wajen mutane.

"Ku zo ku gani, an cuci abokina. An saida mai mota ba hanji."

Na buɗe masa baya na nuna masa injin. Ya ce to, ashe irin mai ita ce, komai nata a baya yake zuwa.

Bayan an watse ya ja ni ɗaki. Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini wata 'yar hanya ta jar ƙasa, siririya kamar igiya, ta taso daga gindin bango ta hau har ta taɓa azara. Ya kankare ta da sanda, gara ta zubo fara-fara. Ya ce kullum da safe yana kankarewa, kullum kuma sai ya tarar an sake ginawa. Ana cewa gara ba ta cin azarar namijin giginya, kuma mai yiwuwa gaskiya ne, don a tsohon gida ba ta taɓa kusantarta ba. Amma azarar ta tsufa, wasu sun tsage wajen zarewa, kuma tudun nan duk inda ka duba suri ne. Kaka ya ce ya ji ana shafa baƙin man mota. Ya tambaye ni ko tawa tana fitar da shi, ko ita ma sai an kai takarda ofis.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wannan ne karo na farko tun da aka tashi garin da wani ya nemi abin da nake da shi.

Da na koma Mafara na kai motar gareji, ko da yake juyen farko bai daɗe ba. Na tafi da galan ɗina. Makanike bai ji daɗi ba, ya ce Malam ma ya shiga sana'ar ke nan. Abin da ya fito bai cika galan ba, don injin ƙarami ne. Ranar Asabar na kai. Baffa ya ɗaura tsumma a kan gora, ni na hau turmi ina shafawa, Kaka na zaune a bakin gado yana ba da umarni, yana cewa hannun biro bai iya komai ba. Itacen ya bushe shekara da shekaru, shan mai yake yi kamar ƙasa ta samu ruwan fari. Man ya ƙare ba mu rufe ko kwatan rufin ba. Amma inda muka shafa ya yi baƙi yana sheƙi, kuma da na dawo na ga gara ta kauce wa wurin, ta koma gefen da ba a shafa ba.

Daga nan gaisuwarmu ta sami ƙari. Bayan an tambayi gajiya da iyali da aiki da ruwa, sai Kaka ya ce, "To, yaushe za a yi ma hanjin baya juye?"

Na nemi wasu hanyoyin, don kada a ce ban nema ba. Na kawo maganin ƙwari daga irin wanda muke raba wa manoma, na fesa. Warinsa ya tayar wa Kaka da tari, ya kwana biyu a zaure, kaji biyu na gidan suka mutu, Baffa ya ce kada in sake. Na sayo sabon mai a gwangwani, wanda bai shiga inji ba. Kaka ya ɗaga shi a rana, ya ce wannan ai zuma ce, gara lasa za ta yi ta gode mini. Shi a wurinsa sai mai ya ƙone ya yi ɗaci yake magani. Ban san ko haka ne ba. Na duba littattafan da na taho da su daga makaranta, babu wanda ya yi maganar. Ya ba mai injin niƙa gwangwanin.

Sai wata rana wani direban kamfanin da ke aikin dam, wanda muke sallah masallaci ɗaya, ya ji labarin. Ya ce abin da suke zubarwa daga manyan motocin haƙa ya fi ƙarfin duro. Ya kawo mini jarka cike, baƙi ƙirin, mai kauri. Na ɗauka matsala ta ƙare. Na kai, Baffa har ya fara ɗaura tsumma. Kaka ya dubi jarkar, ya dubi motata, ya ce yaushe wannan 'yar abar ta fara haihuwar tagwaye. Ya tambaye ni daga ina. Na faɗa masa.

Bai yi faɗa ba. Wasan ne kawai ya ɗauke daga fuskarsa.

"Man motar da ta ci gonata ba shi hawa azarar ubana," ya ce. "Fitar da shi."

Maƙwabta suka raba jarkar a tsakaninsu, suna ta godiya. A hanyar dawowa matata ta ce da na ce tarawa na yi a gareji, da yanzu an gama rufin. Ta ce ba ƙarya ba ce in mutum ya ce Allah ne ya kawo. Wataƙila tana da gaskiya. Na sha juya maganar a raina, har yau ban tsayar ba. Na dai san da ya dube ni ya tambaya, ban ga ta inda zan bi ba.

Saura motata ke nan, ita kaɗai. Masu gareji sun riga sun yi alkawarin nasu, don duk sababbin garuruwan gini ake yi, kowa na neman abin da nake nema. Sai na fara matso da juye kusa-kusa. Da yake dama babu wanda ya taɓa gaya mini lokacin da ya dace, ban ga dokar da nake karyawa ba. Na ma gaya wa kaina cewa yawan juye ba ya cutar da inji, ƙarancinsa ne ke cutarwa. Makanike ya daina sunsuna man. Da ya hango ni sai ya jawo kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar, yana cewa ko amarya ba a yi mata wankan da ake yi wa wannan kunkuru.

Amma sai wata matsala ta ɓullo. Man da bai daɗe a inji ba, ba ya yin baƙi. Na kai wa Kaka wani galan, ya tsoma yatsa ya duba.

"Abokina, wanga shayi ne. Ina burodin?"

Ya yarda aka shafa, amma ya ce bai ga alamar zai tsorata kowa ba. Na tambayi makanike me ke sa mai ya yi baƙi. Ya ce tafiya. Saboda haka na shiga tafiya. Idan an tashi aiki sai in kama hanyar Bakura ba tare da ina da wani a can ba, in kai, in juyo. Aikin da ya kamata abokin aikina ya je Birnin Tudu, sai in ce ya bari na je. Na je Garbadu duba gonar da na riga na duba. A hanyar Bakura nakan wuce filayen da aka baje domin noman rani, an tuge itatuwa, an yanka magudanan siminti, masu gonakin na zaune a gefe suna jiran ranar da za a ce su shiga. Wani lokaci su ɗaga mini hannu, suna zaton wani babba ne ya zo da labari. Sai in ɗaga musu in wuce. Da na tsaya sai in zaro sandar awo in goga a farin tsumma, in ga ko ya ƙara duhu. A ofis aka fara yabona, ana cewa ba a taɓa samun malamin gona mai ƙwazona ba. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ake wahalar da jaki don a samu kashinsa ba.

Na san abin ba shi da kan gado. Ina ƙona fetur, ina cinye taya, ina girgiza motar a kan hanyoyin da manyan motoci suka farfasa, duk don abin da bai cika galan ba. Amma duk lokacin da na yi niyyar dainawa sai in tuna yadda Kaka ke ɗaga kai yana ƙirga baƙaƙen azara da sandarsa, yana cewa mun kusa cin rabi. Gara kuma ba ta jira. Muna rufe gabas tana ɓullowa yamma.

A gindin injin akwai wani faifan ƙarfe da ƙananan notuna ke riƙe da shi, shi ake kwancewa mai ya zubo. Wata rana makanike ya fito daga ƙarƙashi da noti a tafin hannunsa, ya ce haƙoran sun cinye, yana ɗaurewa yana juyawa kawai. Ya ce abin da aka yi don a riƙa taɓawa jefi-jefi, mun mayar da shi ƙyauren ɗaki. Na tambaye shi ko akwai haɗari. Ya ce akwai, kuma babu, ya danganta. Ya naɗa zare, ya shafa wani abu kamar ƙaro, ya ɗaure, ya ce in na je Sakkwato in nemo sababbi. Na aika, aka kawo waɗanda ba su yi daidai ba. Na sake aikawa, aka ce babu.

Motar ta fara ɗiga. Duk inda na ajiye ta sai ta bar tabo. Na samo wata tsohuwar tasa ina ajiyewa a ƙarƙashinta, a gida da ofis, in zan tashi in juye abin da ya taru a galan. Alhaji mai gida ya ga haka, ya ce yau ga mai tatsar mota, ko Fulani sai su zo koyo. Na yi dariya tare da shi. Kowace safiya nakan duba mai in ƙara, in durƙusa in leƙa notunan, in taɓa su da yatsa. Ban san abin da nake dubawa ba, amma ba na iya fita ban duba ba.

Makanike ya ba ni shawara in daina kwance faifan har a samu notuna. Na daina, har damina ta sauka. Kaka ya ci gaba da tambaya, ni kuma ina cewa an kusa. Sai ya ce ai ya sani, tun da na fara tumbi na manta da talakawa.

Ana cikin ruwan Agusta Baffa ya aiko wani mai zuwa cin kasuwar Talata da saƙo. Ya ce rufin ɗakin Kaka ya yi ciki ta wajen yamma, ƙasa na zubowa a kan gado, an yi an yi ya fito ya ƙi. Wai ya ce abokinsa na nan tafe da mai. Na tafi gareji a ranar. Makanike ya ce in aka kwance yau, bai yi alkawarin zai ɗauru ba. Na tsaya ina tunani har ya gaji ya koma kan wata motar. Can na ce ya kwance. Man ya fito baƙi sosai, irin wanda Kaka ke so, don ya daɗe. Aka ɗaure da zare da ƙaro kamar da, aka zuba sabo.

Washegari na kama hanyar Maradun da galan a kujerar baya. Ruwa ya ɓata hanyar, duk ramuka da kwazazzabai. Ina tafiya a hankali, ina tsayawa ina leƙawa. Bayan na bar babbar hanya, a wani gangare, gindin motar ya daki dutse. Ban ji wani abu ya canza ba, sai na ci gaba, don wurin laka ne, ina tsoron in na tsaya ta kafe. Da na haye tudu wata 'yar fitila ja ta kama a gabana, injin ya fara ƙara kamar ana daka ƙarfe a turmi, sannan ya yi shiru. Na fito na duba baya. Ga layin mai nan a kan hanya tun daga gangaren, yana bin ruwa.

Akwai galan ɗin tsohon mai a mota. Na tsaya ina dubansa, ina tunanin ko in zuba mata. Amma faifan ya riga ya karkace, duk abin da na zuba ƙasa zai bi, kuma ina jin injin ya riga ya gama. Wasu manoma suka taya ni tura ta gindin wata bishiya. Na ɗauki galan na ƙarasa da ƙafa, ina canza hannu.

Na tarar da mutane a kan bangon ɗakin Kaka, suna sauke ƙasar rufi da kwanduna. Ashe da hantsi wata azara ta karye, ta faɗo gefen gado, Allah ya kiyaye ba ta same shi ba. Baffa bai sake neman izini ba, ya sa aka ɗauke shi cak aka kai ɗakin kwanon da ke kusa da zaure. Kaka na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ana sauko da azarar ana jerawa a gabansa. Na gaishe shi, ya amsa gaisuwar duka, bai rage komai ba, har ya tambayi amaryarsa. Sannan ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa ɗaya daga cikin waɗanda muka shafa, baƙa mai sheƙi. Ta yi ƙara kamar ganga. Baffa ya taka ta da ƙafa, ta burme, jar ƙasa ta zubo daga ciki.

Ashe gara ta kawunan take shiga, inda azarar ta nutse cikin bango, wurin da tsumma bai taɓa kaiwa ba. Ta bar mana bayan da muke shafawa, ta cinye cikin. Waɗanda muka shafa da waɗanda ba mu shafa ba, ban ga wani bambanci ba. Wataƙila da tun kafin a ɗora aka jiƙa kawunan, da an tsira. Wataƙila kuma da ba a tsira ba. Na tambayi magina daga baya, kowa da abin da ya ce.

Kaka ya dubi galan ɗin da ke hannuna, ya ce in kawo. Ya tsoma yatsa, ya murza.

"Yau ka kawo na ƙwarai," ya ce. "Ina hanjin baya?"

Na ce tana hanya, ta gaji. Ya ce dama ya faɗa tun ranar farko an cuce ni.

A cikin tarin aka samu 'yan guntaye masu lafiya, tsakiyar wasu azara da gara ba ta kai ba. Ba za su rufe ko akurki ba. Kaka ya sa aka yanke su, aka shafe su da man da na kawo, har kawunan, aka jingine su a kan duwatsu a ɗakinsa na kwano, inda zai riƙa ganinsu. Bai saba da kwano ba. Ya ce da rana gasa shi yake yi, in ana ruwa kuma kamar ana yi masa kiɗan ƙwarya a ka. Na yi masa alkawarin in rani ya yi za a nemo sabuwar azara a gina masa wani soron. Ya ce sabuwar azara ta uban wani ce.

An jawo motar zuwa Mafara a bayan wata babbar mota. Makanike ya buɗe injin, ya kira ni na leƙa, ya nuna mini ƙarafan da suka narke suka kama juna. Ta daɗe a garejin a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na koma zuwa gida a motar kasuwa, kuma zuwan ya ragu. Idan na je, Kaka ba ya tambayar juye. Mukan gama gaisuwa, sai ya nemo wata tsokanar, amma ba ta kama kamar da.

Ya rasu kafin wata daminar, a ɗakin kwano. Ina Mafara aka aiko, na samu jana'iza. Da aka gama haƙa aka zo neman itacen da za a jera a kan kabari kafin a zuba ƙasa, tudun nan kuwa ba itace, sai Baffa ya ce a ɗauko guntayen nan. Wani ya ce ai da baƙin mai a jikinsu. Aka dubi liman. Liman ya ce shi bai san mai najasa ne ba, a kawo. Sun kusa isa, aka cika da wasu itatuwan. Ni na miƙa su ɗaya bayan ɗaya, man ya ɓata mini hannu da gaban riga.

Mutane sun ce burinsa ya cika, tunda ga shi a ƙarƙashin azarar babansa. Na ce haka ne, don ba wurin gardama ba ne. Amma ba haka ya roƙa ba, kuma maƙabartar a kan tudun take, na ga suri biyu a gefenta tun muna tsaye.

Na yi motoci bayan wannan, masu agogo mai aiki, da littafin da ke faɗin lokacin juye. Ina bin abin da littafin ya ce, ko da yake nakan kai kafin lokacin, don har yanzu ban cika yarda ba. Idan makanike ya tambaye ni ko ina son tsohon man, nakan ce ya riƙe. Ba na dai tafiya sai na ga ya gama ɗaure notin, na kuma sa ya sake taɓawa.